Ba'amurken da Aka Mayar Bazazzagi

Ranar Talata ce, mako guda bayan saukowar alhazai daga Mina, da ƙarfe goma na agogon Makka, wato sa'a ɗaya bayan la'asar, domin a wancan zamani da faɗuwar rana ake tsayar da agogo a kan sha biyu. Nijeriya ba ta cika shekara biyar da samun 'yancin kai ba. Mu uku ne a ɗakin: ni, da maigidana, wani Balarabe mai saukar da alhazai wanda nake yi wa aikin akawu, da wani baƙo da ya shigo da shi yana riƙe da hannunsa, irin riƙon da ake yi wa mutumin da ake so a rabu da shi cikin mutunci.

"Ga ɗan'uwanku," in ji maigidana da Larabci. "Fatarsa irin taku ce, amma ba ya jin harshen kowa sai na Nasara. Ka ji abin da yake so."

Baƙon dogo ne, ya kai shekara arba'in, da tabarau a idonsa, kansa kuma a aske kwal kamar na kowane alhaji a makon nan. Na gaishe shi da Hausa, ya tsaya yana kallon bakina. Da na sake gaishe shi da Turanci, sai ya saki hannun maigidana ya kama nawa da hannu biyu. Daga Amurka yake.

Ya kamata in faɗi inda na samo Turanci, tun da masu jin sa ba su da yawa a unguwarmu ta Mansur a lokacin. Ni mutumin ƙasar Zazzau ne. Mahaifina ya sa ni makarantar mishan saboda babu wata makarantar boko kusa da ƙauyenmu, bisa sharaɗin za a koya mini karatu a bar mini sallata. An cika rabin sharaɗin, ɗaya rabin ni na tsare shi da kaina. Malamarmu wata Baturiya ce mai gajeren haƙuri, kuma abu biyu ta dasa mini waɗanda har yau ban tumɓuke ba: cika lokaci, da cewa tafinta ba ya ƙari, ba ya ragi. Da waɗannan biyu na ratsa Chadi da Sudan, da su na sami aiki a Makka, da su kuma na saurari baƙon nan.

Bayaninsa a tsare yake, abin da ya sa na fara ganin girmansa ke nan. Makanikin keken ɗinki ne, ya yi shekaru a wata masana'antar tufafi. Ya musulunta, shi da matarsa. Ya ajiye aikinsa, ya kai matar da 'yarsu gidan surukansa, ya zo aikin hajji da niyyar daga nan ba zai koma ba, ƙasar Hausa zai wuce ya zauna, in ya sami wuri ya kira su. Ya je ofishin jakadancin ƙasarmu a Jidda, an ce masa ba za a ba shi izinin zama ba sai ya kawo mutumin ƙasar da zai tsaya masa. Izininsa na Makka kuwa zai ƙare da tashin jirgin ƙarshe na alhazai, kafin watan Muharram ya fita. In bai sami mai tsaya masa ba, Amurka zai koma, ba aiki, ba gida, ya je ya ce wa iyalinsa ba a karɓe su ba.

Ya tambaye ni a wane gari ya fi sauƙi a kama haya a buɗe shago. Na ce masa tambayar ba ta ɗauku ba. A ƙasarmu baƙo ba ya nufar gari, mutum yake nufa. A gidan mutumin zai sauka, da sunansa za a san shi, in ya yi abin kirki a yaba wa mai masaukinsa, in ya yi ɓarna a je ƙofar mai masaukinsa. Sai ya ce, "To, ina zan sami mutumin?"

Mutum ɗaya na sani da ya dace. Wani dattijon tela ne Bakano, mai shago a bakin titin Mansur, wanda ya zo da ƙafa tun yana saurayi, ya tara 'ya'ya da jikoki waɗanda Larabcinsu ya fi Hausarsu kyau. A shekarar nan ya yanke shawarar barin shagon ga 'ya'yansa ya koma garinsu, wani gari na kan layin dogo gabas da Kano, ya ƙarasa kwanakinsa kusa da ƙanwarsa. A jirgin ƙarshe zai tafi. Kowa Baba yake ce masa. Gidansu babba ne, sunansa yana da nauyi, garin kuma cike yake da teloli. Sai dai Baba ba mutum ba ne da ake zuwar masa da buƙata a rana ta farko.

Na ɗauki baƙon zuwa gidana, na ba shi ɗakin soro na sama, muka fara karatu. Kowace safiya bayan asuba ina koya masa gaisuwa, kuma ban yarda da rabin gaisuwa ba. Ina kwana, ina gajiya, ina gida, yaya iyali, yaya zafi, da amsar kowace, da inda ake sa ido, da yadda ake rusunawa ba tare da an faɗi ba. Gwiwoyinsa ba su saba da tabarma ba, sai da muka yi kwanaki kafin ya iya zama bai miƙe ƙafa a gaban mutane ba. Mai ɗakina tana aiko mana da tuwo da miyar kukar da alhazai suka kawo mana daga gida. Ya ci da hannu, ya ƙone yatsu, bai yi ƙorafi ba. Ban taɓa samun ɗalibin da yake maimaita abu sau goma bai gundura ba sai shi. Yana ce mini Malam, ni ina ce masa Alhaji.

Da na ga gaisuwarsa ta tsaya da ƙafarta, na ce masa za mu fara zuwa wurin Baba, kuma ga ƙa'ida: za mu gaishe shi, mu zauna, mu sha shayi, mu tashi. Ba za mu ambaci tafiya ba.

"Bai san abin da ya kawo mu ba?"

"Ya sani tun ranar da ka kwana a gidana. Duk Mansur ta sani."

"To, me ya sa ba za mu faɗa ba?"

"Domin in ka tambaya, dole ya amsa. In bai gama kallonka ba, amsar da ke hannunsa ita ce a'a, kuma dattijo ba ya son a tilasta masa ya faɗe ta."

Shagon Baba ɗaki ne mai zurfi, da kekuna uku a jere, 'ya'yansa biyu suna kan biyu, shi yana kan na bakin ƙofa inda iska take. Yana ganina ya ɗaga murya yadda masu sayar da gurasa a tsallaken titi za su ji.

"Ahlan, ahlan! Ga Akawu ya zo da agogonsa. Shigo, tafaddal, mun san Bazazzagi ba ya wuce ƙofar da aka ɗora shayi."

Kowa ya san abin da ke tsakanin Bakano da Bazazzagi. Wasa ne da muka tarar, kowane ɓangare yana cewa shi ne ubangidan ɗayan, kuma ba a fushi a cikinsa. Shekara da shekaru Baba yana yi mini shi. Ni kuwa ban iya wasa ba, ban taɓa iyawa ba. Abin da nake yi shi ne in ce, "Allah ya ƙara maka lafiya, Baba," in zauna, shi kuma wannan amsar tawa ita ce take ba shi dariya fiye da kome.

Alhaji ya durƙusa ya yi gaisuwarsa daga farko har ƙarshe, babu tuntuɓe. Baba ya amsa kowace gaɓa, ya dube shi ta saman tabarau, ya ce da Larabci, "Ɗayyib," wato da kyau. Muka sha shayi, muka tashi. Washegari haka, jibi haka. Abin da Baba ya faɗa da nufin baƙon ya ji, ina fassara masa. Abin da ya faɗa wa masu kawo ɗinki, ba aikina ba ne. Alhaji yana zaune, hannuwansa a kan gwiwa, yana yawan duban agogonsa har sai da na ce ya bar shi a gida. Na fahimci damuwarsa, domin ni ma mutumin agogo ne, kuma kowace rana motocin alhazai suna barin gari zuwa Jidda, gidajen haya suna komawa wayam.

A farkon Muharram, wata rana da hantsi, Baba ya tsayar da kekensa ya juyo.

"Akawu, tambaye shi, shi wane iri ne? Can asalinsu, kafin Amurka."

Na tambaya. Alhaji ya ce bai sani ba. An kwashe kakanninsa daga wani wuri a ƙasashenmu, ba a bar musu sunan gari ba, ba a bar musu harshe ba. Na fassara. Baba ya girgiza kai, ya yi salati. Sannan fuskarsa ta washe kamar wanda ya tsinci allurar da ta ɓace masa.

"Ai an gama. Mutum ba ya zama haka ba iri. A gidan wa ya sauka? A gidan Bazazzagi. Tuwon wa yake ci? Dubi yadda yake zama ƙiƙam kamar an haɗiye sanda, ai ko makaho ya san na Zariya ne. Faɗa masa daga yau shi Bazazzagi ne. Na ƙaru ke nan, a da bawana ɗaya ne, yanzu sun zama biyu."

'Ya'yansa suka yi dariya, masu jiran ɗinki suka yi dariya. Alhaji ya dube ni yana murmushi, yana jiran rabonsa na dariyar. Na san abin da kalmar za ta yi masa, domin na karanta tarihin ƙasarsu a makaranta. Amma da nufin ya ji aka faɗa, kuma tafinta ba ya ragi. Ban da haka, mutumin da zai zauna cikin Kanawa zai ji ta daga bakin wani, a wurin da babu mai yi masa bayani. Na fassara duka, har kalmar ƙarshe. Har yau ina ganin daidai na yi.

Murmushin ya bar fuskarsa. Ya ajiye kofin shayi a hankali, ya miƙe, ya sa takalmansa, ya fita bai yi sallama ba.

Na same shi a ɗakin soro yana ninke kayansa. Ban hana shi ba, na zauna a bakin ƙofa. Ya ce mini kakarsa da ta raine shi, uwarta a cikin bauta aka haife ta, kuma ya ga tabon da ke bayan tsohuwar, wato uwar kakar tasa, da idonsa yana ƙarami. Ya ce ya bar ƙasar da ake kiran mai furfura da sunan da ake kiran yara, ya tsallako teku domin 'yarsa ta girma a inda ba za a tuna mata da wannan ba, sai ga shi a garin Allah, a bakin mutum mai fata irin tasa.

Na ce masa abin da ya ji haka aka faɗa, ban canza ba. Sannan na yi masa bayanin wasan: tsakanin gari da gari, tsakanin ƙabila da ƙabila, tsakanin jika da kaka. Na ce masa ba a yi wa bare. Balaraben da nake yi wa aiki ya fi shekara goma yana shiga shagon nan, Baba bai taɓa yi masa sai ladabi ba, kuma ba zai taɓa sauke shi a gidansa ba. Wanda aka tsokana an buɗe masa ƙofa, kuma an ba shi izinin ya rama.

"Kai kana ramawa?" ya tambaye ni.

Na ce ba na yi.

"Me ya sa?"

Na ce ba a koya mana a makaranta ba. Wannan ne karo na farko da na ji dariyarsa, ko da yake gajera ce. Ya bar ninke kayan, amma ya ce ba zai koma shagon ba.

Da yamma na je wurin Baba ni kaɗai. Na tarar ya sallami 'ya'yansa, yana zaune yana warware wani ɗinki da bai yi masa ba.

"Ina ɗan'uwan naka mai zuciyar tafasa?"

Na faɗa masa abin da Alhaji ya faɗa mini, da tsohuwar, da tabon. Ya daɗe yana jan zare.

"Akawu, kakata ta wajen uwa a kasuwa aka saye ta, duk garinmu an sani. A nan garin ma, yaushe aka daina? Ni da kai mun gani. Ba ni ne za a koya wa zafin abin ba." Ya cije zaren ya tofar. "Kalmar na naɗe ta na sa a aljihu, ba zai ƙara jin ta a bakina ba, kuma zan gaya wa mutanen gidanmu. Amma wasa ba zan bari ba. Daga tasha zuwa ƙofar gidanmu, mai nama zai taɓa shi, mai goro zai taɓa shi, tsofaffin mata za su ce sun yi miji. In duk wanda ya taɓa shi sai ya sa takalmi ya fita, wa zai kawo masa keke gyara? Wa zai zauna da matarsa? Kunyar a ƙofata za a ajiye ta. Ni ba zan ɗauki mutumin da ba a taɓawa ba. Wallahi gara ya koma inda ya saba."

"In gaya masa ka ce ya yi haƙuri?"

"Ka gaya masa shayi yana nan inda ya bar shi. Yalla, tashi, za a kira magariba."

Na kai saƙon kamar yadda aka ba ni. Alhaji ya kwana biyu bai fita ba sai zuwa Harami. A rana ta uku bayan asuba, da na hau soro don karatu, ya ce mini, "Malam, koya mini yadda ake ramawa."

A rayuwata an ba ni ayyuka masu wuya, amma ban taɓa jin na rasa ta inda zan kama ba kamar ranar. Na zauna na tattaro abin da na ji Zage-zagi suna faɗa wa Kanawa tun ina yaro: cewa Bakano zai sayar da takalminsa a ƙofar masallaci in ya sami mai saye, cewa ko gaisuwa ya yi maka sai ka duba ko ya sa mata kuɗi. Na zaɓi ɗaya, na gyara ginin jimlar, na sa shi ya maimaita har ta zauna a bakinsa. Mai ɗakina tana shanya a ɗaya gefen soron, ta saurare mu, ta ce, "Malam, wannan zagi ne ko wa'azi?" Na ce mata jimlar daidai take. Ta ce ai shi ne matsalarta.

Muka je da hantsi. Shagon ya fi kullum cika, domin labari ya zaga, har mai sayar da ruwa ya sauke garewaninsa a ƙofa ya tsaya. Alhaji ya durƙusa ya gaisa, Baba ya amsa kamar jiya suka rabu. Aka zuba shayi. Baba ya koma kan kekensa yana taka shi, keken yana wani irin ƙara mai shiga haƙori wanda mu duka mun saba da shi har ba ma ji. Sai da Alhaji ya kai kofi baki sannan Baba ya ce, ba tare da ya ɗago ba:

"Kun gani ko? Halin nasu ke nan. Ana maganar asali sun gudu, ana zuba shayi sun dawo. Akawu, faɗa masa, kada ka rage."

Ban rage ba. Kowa ya zuba wa Alhaji ido. Na dubi ɗalibina ina jiran jimlar da muka sha wahala a kanta. Ya buɗe baki, ya rufe. Na ga alamar jimlar ta gudu daga kansa. Na san in ya yi shiru yau, an gama.

Sai ya ajiye kofin, ya nuna keken Baba da yatsa, ya yi magana da Turanci a natse, yana kallon Baba, ba ni ba.

"Malam, faɗa masa tun ranar da na fara zuwa nan nake jin wannan keke yana roƙon mai. Na yi shiru ne saboda na ɗauka talauci ne. Yanzu na gane: Bakano ya sayar da man, yana jiran wanda zai zo ya sayi kukan."

Na fassara, ban ƙara ba, ban rage ba. Kafin in rufe baki Alhaji ya ɗora da Hausarsa, kalma biyu da ban koya masa a haɗe ba: "Bakano, rowa!"

Ƙafar Baba ta tsaya a kan keken. Mai ruwa ne ya fara fashewa da dariya daga ƙofa, sannan 'ya'yan Baba, sannan kowa. Baba ya cire tabarau, ya kifa kai a kan keken, kafaɗunsa suna rawa. Da ya ɗago, hawaye ne a idonsa.

"La ilaha illallahu! Shekara nawa ina neman Bazazzagi mai baki, ashe sai an je Amurka za a samo shi! Akawu, ka ji yadda ake yi? Kai sai Allah ya ƙara lafiya, Allah ya ƙara lafiya, kamar mai jinya!" Ya jawo akwatin da ke ƙarƙashin teburinsa ya tura gaban Alhaji. "To, mai kunnen jin kukan keke, bismillah. Mu gani ko hannun ya kai bakin."

A cikin akwatin akwai sukudireba biyu da filaya da 'yar kwalbar mai wadda ta bushe. Alhaji ya ɗaga kwalbar sama ya juya ta, ko ɗigo bai fito ba, aka sake wata dariyar. Ɗaya daga 'ya'yan Baba ya je ya samo mai. Alhaji ya naɗe hannun riga, ya shimfiɗa ƙyalle fari, ya kwance kan keken yana jera kowane ƙarfe a inda ya dace, na farko a hagu, na ƙarshe a dama. Na tsaya ina kallo da jin daɗi, domin aiki mai tsari abin kallo ne ko da mutum bai san sana'ar ba. Kafin azahar ya mayar da kome. Baba ya taka, keken ya tafi sumul, ba ka jin kome sai saukar allura.

"Ya ɓata mini keke," in ji Baba. "Yanzu da me zan riƙa korar masu zaman banza?"

Mun ci gaba da zuwa kullum da hantsi. Ba a ambaci tafiya ba, ni kuma na hana Alhaji tambaya, ko da yake kwanakin sun ƙure ƙwarai. Ya gyara sauran kekunan biyu, ya gyara na maƙwabta. Kullum sai sun taɓa juna shi da Baba, ni ina tsakiya ina kai wa wannan, ina kai wa wancan, kamar mai raba wasiƙu. Kalmar nan kuwa ba ta ƙara fitowa ba. Baba ya raɗa masa Bazazzagin Amurka, sunan ya bi Mansur har matan da ke sayar da ƙosai suna kiran sa da shi. Wata rana muna komawa gida ya tambaye ni yadda Zariya take. Na ba shi labarin ganuwa, da rimaye dogaye, da marina. Ya ce ba a taɓa ba shi gari ba sai yanzu, zai so ya gan shi ko sau ɗaya. Na ce masa jirgin ƙasa yana zuwa daga Kano.

Ana saura kwanaki kaɗan jirgin ƙarshe ya tashi, muka tarar da Baba yana ɗaure kayansa: dabino, tasbaha, zobba, gorunan zamzam. Bayan gaisuwa ya dubi Alhaji daga sama har ƙasa.

"Kai ina tsarabarka? Haka za ka shiga gida hannu biyu kamar ɓarawo? Akawu, faɗa masa gwaggonsa haƙoranta sun zube, dabino mai taushi zai saya mata, kada ya kwaso mai ƙarfin nan na araha irin na Zage-zagi. Akwai yayyensa maza biyu, tasbaha ta ishe su. Matan gida kwalli da turare. Yara kuwa ba su ƙirguwa, ya sayi alewa da yawa. Ɗakin da ke kusa da rijiya shi za a share masa, ya fi sanyi, in iyalinsa sun zo a buɗe na kusa da shi. Gobe bayan asuba mu sauka Jidda a gama da mutanen ofis. Kai ma za ka bi mu, tun da ba ka da aiki sai maimaita maganar mutane."

Na fassara a hankali, gaɓa gaɓa. Da na kai kan gwaggonsa, Alhaji ya tsayar da ni ya ce in sake faɗa. Na sake. Ya cire tabarau yana goge su da gefen riga, ya daɗe yana gogewa. Sannan ya durƙusa ya ce, "Na gode, Baba," da lafazi mai kyau, kowane harafi a wurinsa.

Da la'asar na raka shi kasuwa. Ya taɓa dabino iri iri da yatsa kafin ya zaɓa, na ga bai yi gaggawa ba, na ji daɗi.

Baba ya tsaya masa a Jidda, aka ba shi izini, suka tafi a jirgin ƙarshe. Ya buɗe shagon gyaran keke kusa da tasha, matarsa da 'yarsa suka iso bayan damina. A garin ya zauna har ƙarshen ransa, a can aka binne shi.